Daga Bena zuwa Abuja: Yadda tafiyar awa ɗaya a jirgi ke cinye yini guda

A ranar 17 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka kutsa makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta Jihar Kebbi, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka yi awon gaba da ɗalibai 25. Kwana biyu bayan haka Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sauka a Birnin Kebbi domin jajantawa.

Tafiya daga Abuja zuwa Birnin Kebbi a jirgin sama ba ta wuce kimanin awa ɗaya. Sai dai daga filin jirgin zuwa yankin da abin ya faru, tafiyar mota ta ninka wannan lokacin sau da yawa.

Wannan giɓi shi ne abin da jadawalin kamfanonin jiragen sama ba ya nunawa, domin jadawali yana auna tazarar da ke tsakanin filaye biyu ne kawai. Mutumin Bena, garin kasuwar hatsi da dabbobi da ke gabashin masarautar Zuru, kusa da inda Kebbi ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Neja, lissafinsa yana farawa ne daga tashar motar garinsu, kuma a nan ne awa ɗayan ke zama yini.

Yadda ake auna nisa a sama

Idan aka ce tsakanin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja da na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, akwai kimanin kilomita 500, ana nufin mafi gajeren layin da za a iya ja tsakaninsu a kan doron ƙasa. Matuƙa suna lissafi da mil na teku, wanda kowane ɗaya ya yi daidai da kilomita 1.852, don haka a wurinsu tazarar kimanin mil 270 ce.

Jirgi irin Boeing 737 yana tafiyar kilomita 800 zuwa 850 a awa idan ya kai ƙololuwa ya daidaita. Da a ce da wannan gudun yake tafiya daga farko har ƙarshe, da bai kai minti 40 ba ya isa. Amma lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja, ya ƙare sa'ar da ya tsaya a ɗaya filin. A ciki akwai tafiya a hankali zuwa titin tashi, da jiran izinin hasumiya, da hawa, da sassauta gudu domin sauka.

Shi ya sa a gajeriyar tafiya kusan rabin lokacin ke tafiya wajen hawa da sauka. Shi ya sa kuma jirgi mai farfela irin ATR 72, wanda gudunsa ke kusa da kilomita 500 a awa, ba ya jinkirin da ya taka kara ya karya idan aka kwatanta shi da manyan jirage a kan irin wannan hanya.

Yanayi ma yana da tasa rawar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo kan rage nisan da matuƙi ke iya gani, kuma idan bai kai ƙa'idar filin ba, sai a ɗage tashi ko a karkatar da jirgi wani gari. Da damina kuma jirgi kan zagaye hadari. Filaye da dama a Najeriya ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana, saboda haka jinkirin awa biyu da yamma kan iya zama soke tafiya gaba ɗaya.

Gari a tsakiyar filaye, amma nesa da kowanne

Duk wanda ya buɗe taswira a wayarsa ya duba inda Bena take, zai ɗauka garin ya yi sa'a. Ga ƙiyasin tazarar da ke tsakaninta da biranen da ke kewaye da ita, idan aka ja layi miƙe:

- Gusau: kimanin kilomita 130
- Filin jirgin Kaduna: kimanin kilomita 165
- Filin jirgin Minna: kimanin kilomita 190
- Filin jirgin Sakkwato: kimanin kilomita 200
- Filin jirgin Birnin Kebbi: kimanin kilomita 215
- Filin jirgin Abuja: kimanin kilomita 290

Abin lura na farko shi ne filin jirgin jihar da Bena take ciki ya fi na Kaduna da Minna da Sakkwato nisa da ita. Na biyu, tazarar Bena da Abuja ba ta kai kashi biyu cikin uku na tazarar Birnin Kebbi da Abuja ba.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Layin da ya miƙe daga Bena zuwa Kaduna yana ratsa dazukan ƙasar Birnin Gwari, inda gandun dajin Kamuku yake. Wanda ya nufi Gusau kuma yana bi ta kudancin Zamfara, yankin Ɗansadau da dajin Kuyambana. Shekaru ke nan waɗannan dazuka suna hannun 'yan bindiga, kuma babu direban haya da zai auna hanya da tsawonta kawai. Tambayarsa ta farko ita ce ko an bi ta lafiya jiya.

Abin da ya rage wa matafiyi shi ne ya fara yin yamma, ta Wasagu da Ribah zuwa Zuru, sannan daga can ya zaɓi inda zai nufa.

Lissafi daga ƙofa zuwa ƙofa

A ɗauki ɗan kasuwar da ke Bena, wanda ke son zuwa Abuja kuma ya yanke shawarar bin jirgi. Zai bi ta Zuru da Dabai, ya ɗauki hanyar Mahuta zuwa Koko, ya hau babbar hanyar da ta nufi Jega, ya shiga Birnin Kebbi, sannan ya wuce Ambursa. Jimillar wannan tafiya ta haura kilomita 300.

Ko da an ɗauka motar tana cin kilomita 60 a kowace awa, ba tare da la'akari da jiran cikar mota a tasha ko tsayawa a shingayen bincike ba, awa biyar ta tafi. A ƙara awa ɗaya da rabi na tantance fasinja da jiran tashi, da awa ɗaya a sama, da wata awar ta ɗaukar kaya da shiga cikin garin Abuja, wanda ke da kusan kilomita 40 daga filin jirgi. An doshi awa tara ke nan, idan komai ya zo daidai.

Da wuya kuma komai ya zo daidai. Jiragen da ke zuwa Birnin Kebbi ba su da yawa kamar na Kano ko Legas, inda wanda ya rasa ɗaya zai jira na gaba. Idan jirgin na safe ne, dole fasinjan Bena ya kwana a Birnin Kebbi, tun da ba a tafiyar dare a hanyoyin yankin. Tafiya ta zama ta kwana biyu, ga kuɗin masauki.

Akwai wani abu kuma da taswira ke nunawa. Layin da ya miƙe daga Ambursa zuwa Abuja yana bi ne daidai ta saman Zuru. Wato kimanin minti 20 bayan tashi, fasinjan yana wucewa ta kusa da garin da ya baro da safe ko jiya. A dunƙule ya yi tafiyar da ta haura kilomita 800 domin isa wurin da bai wuce kusan kilomita 300 daga gidansa ba.

Idan kuwa mota ya bi tun farko, ta Zuru da Rijau da Kontagora da Tegina da Minna da Suleja, tafiyar ta haura kilomita 500. Da wancan ma'aunin na kilomita 60 a awa, kimanin awa tara zuwa goma ke nan. Bambancin lokacin bai kai ya kawo ba, amma bambancin kuɗi babba ne: tun daga 2024 tikitin tafiyar awa ɗaya a cikin gida ya sha haura naira dubu 100, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na tarayya yake naira dubu 70.

Abin da mai bin jirgi yake saye da kuɗinsa shi ne kauce wa wani sashe na hanya mai haɗari. Tegina, da ke kan wannan hanya, nan ne aka sace ɗaliban wata makarantar Islamiyya fiye da 100 a watan Mayun 2021. Sai dai kafin ya kai ga jirgin, sai ya bi ta nasa sashen mai haɗari a Danko/Wasagu, ƙaramar hukumar da 'yan sanda suka tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukanta a watan Yunin 2021, kuma inda aka yi wa ayarin mataimakin gwamna na wancan lokaci, Samaila Yombe, kwanton ɓauna a Kanya a watan Maris na 2022.

Yadda aka kwana a haka

Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihi. A zamanin mulkin mallaka ƙasar Zuru tana cikin lardin Neja ne tare da Kontagora, don haka hulɗar mulki da ta kasuwanci kudu suka fi fuskanta. A 1976 aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, sannan a ranar 27 ga Agustan 1991 ta koma cikin sabuwar Jihar Kebbi, wadda fadar gwamnatinta take can arewa maso yamma.

Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, sun tsinci kansu a gefen jiha, Bena kuma a gefen gefe. Hanyar da ta haɗa su da hedkwata, wato titin Koko zuwa Mahuta zuwa Dabai mai tsawon kimanin kilomita 87, ta gwamnatin tarayya ce, kuma ta shafe shekaru a lalace duk da an bayar da kwangilarta. Daga baya gwamnatin Nasir Idris ta karɓi aikin daga hannun tarayya.

Filin jirgin Ambursa kuwa gwamnatin Sa'idu Usman Dakingari ce ta gina shi da kuɗin jiha, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi. A 2024 Majalisar Dattawa ta amince a mayar wa Kebbi kimanin naira biliyan 15 na abin da ta kashe a kansa.

Kebbi ba ita kaɗai ba ce a wannan turba. Jigawa da Bauchi da Gombe da Nasarawa duk sun gina nasu filayen. A 2024 aka sauya wa filin jirgin Minna suna zuwa na Bola Ahmed Tinubu, kuma a shekarar ce gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin filin jirgin Gusau. A kan taswira, Gusau ce mafi kusa da Bena. Amma amfanin wannan kusanci ya rataya ne a kan hanyar da ta ratsa kudancin Zamfara, ko wadda ta bi ta Zuru da Maga da Ɗaki Takwas da Anka, kuma kowacce daga cikinsu matafiya na ɗar-ɗar da ita.

Abin da filin jirgi ya amfanar

Rashin adalci ne a ce filin Ambursa bai tsinana komai ba. Kafin a gina shi, maniyyatan Kebbi sai sun je Sakkwato suke tashi. Yanzu daga jiharsu suke hawa jirgi, har ma a ranar 15 ga Mayun 2024 daga nan ne jirgin farko na alhazan Najeriya na wannan shekara ya tashi zuwa Saudiyya. Ma'aikatan gwamnati da masu harkar shinkafa da likitoci masu kai ziyara su ma sun samu sauƙi. Ga mazaunin Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega, awa ɗayan nan gaskiya ce, kuma ta cece shi daga doguwar tafiya ta Yawuri da Kontagora.

Sai dai ko a aikin Hajjin, lissafin maniyyacin Bena daban ne. Daga Birnin Kebbi zuwa Madina kusan kilomita 4,000 ne, tafiyar awa biyar da ɗoriya idan jirgi ya miƙe. Kusan daidai da lokacin da maniyyacin zai ɗauka a mota daga gidansa zuwa filin jirgin ke nan, alhali tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Shi ma nisan sama ba koyaushe yake tsayawa yadda taswira ta nuna ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya suka koma zagaye, lokacin tafiya ya ƙaru, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗi. A watan Agustan shekarar Jamhuriyar Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka riƙa kewaye ta. Abin da rikici ya yi wa matuƙin jirgi a sama na ɗan lokaci, shi yake yi wa direban Bena a ƙasa kullum.

Filin jirgin Kaduna ma ya nuna yadda abubuwan biyu ke haɗe. A 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida domin gyaran titin saukar jirage, Kaduna ce ta karɓi jiragen, kuma sai da gwamnati ta girke jami'an tsaro a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja domin fasinjoji. A ranar 26 ga Maris na 2022 'yan bindiga suka kai hari harabar filin suka kashe mai gadi, kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Bayan haka kamfanoni suka dakatar da zuwa filin na tsawon lokaci, duk da cewa babu abin da ya samu titin saukarsa.

Yadda wasu ƙasashe ke lissafi

A 2023 Faransa ta haramta wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama a cikin gida, a hanyoyin da jirgin ƙasa ke iya kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Dokar ta shafi jiragen da ke tashi daga filin Orly na Paris zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon. Rage hayaƙi ne babban dalilinta, amma ta ginu ne a kan lissafin tafiya gaba ɗayanta, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari.

Ƙasashe masu faɗi kuma sun bi wata hanyar. Amurka tun 1978 take biyan tallafi ga kamfanoni domin su ci gaba da zuwa ƙananan garuruwa, Indiya ma ta ɓullo da irin wannan shiri mai suna UDAN a 2016. A duka biyun, an yarda cewa kasuwa ita kaɗai ba za ta kai jirgi garin da fasinjojinsa ba su da yawa ba, sai gwamnati ta sa kuɗi a kai a kai.

Darasin ga ƙasar Zuru shi ne, ko da an shimfiɗa titin saukar jirgi a yankin, hakan ba ya tabbatar da cewa jiragen fasinja za su riƙa zuwa. Filayen manyan biranen jihohi ma suna fama da ƙarancin fasinja idan lokacin Hajji ya wuce.

Abin da zai rage wa Bena nisa

Lissafin da ke sama ya nuna inda lokacin ke salwanta. A cikin kusan awa tara, ɗaya ce kawai ake yi a sama, kuma babu abin da za a iya ragewa a cikinta. Awa biyar da ake yi a mota ita ce ke hannun gwamnati.

Idan hanya ta yi kyau har mota na iya cin kilomita 80 a awa maimakon 60, tafiyar kilomita 300 za ta sauko daga awa biyar zuwa ƙasa da huɗu. Wannan ragin ya fi tsawon lokacin da jirgin ke yi daga Birnin Kebbi zuwa Abuja baki ɗaya. Kuma amfaninsa bai tsaya ga mai tikiti ba. Zai shafi motar da ta ɗauko masara da dawa daga kasuwar Bena, da mai naƙudar da aka tura babban asibiti, da motar sojojin da aka kira domin kai ɗauki.

Saboda haka titin Koko zuwa Dabai rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne wanda ya tashi daga Zuru ya bi ta Ribah da Wasagu zuwa Bena, tare da tsaron da zai sa a iya binsa ba tare da jiran rana ta ɗaga ko rakiyar jami'ai ba. Idan kuma aka samu fahimtar juna tsakanin gwamnatocin Kebbi da Neja da Zamfara a kan hanyoyin da suka ƙetare iyakokinsu, filayen Minna da Gusau za su iya zama zaɓi na gaske ga mutanen yankin.

Inda jirgi zai fi yi wa yankin amfani kai tsaye shi ne a lokacin gaggawa. Jirgi mai saukar ungulu da ke tafiyar kilomita 250 a awa zai iso Bena daga Birnin Kebbi cikin ƙasa da awa ɗaya, daga Kaduna kuma cikin kimanin minti 40. Wannan ba ya buƙatar katafaren gini. Yana buƙatar wurin sauka mai tsaro, da mai, da layin sadarwa mai aiki, da kuma wanda zai amsa kira da tsakar dare.

Mai niyyar tafiya daga yankin kuwa, kafin ya sayi tikiti ta waya, ya kamata ya haɗa lissafin gaba ɗaya: ƙarfe nawa motar farko ke tashi, ko zai riski jirgin a ranar, nawa ne kuɗin kwana idan bai riska ba, kuma ko lokacin hazo ne. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA sun ba fasinjan cikin gida damar neman a mayar masa da kuɗinsa idan jinkiri ya wuce awa uku. Kuɗin tikiti kawai dokar ta shafa, ban da na motar da ta kawo shi daga Bena da wadda za ta mayar da shi.